Ciwon da Ke Saura Bayan Tiyatar Sauya Kwatangwalo

Tiyatar sauya kwatangwalo tana cikin ayyukan da likitancin zamani ya fi samun nasara a kansu, domin takan ɗauki mutumin da ciwo ya hana shi barci, ya hana shi sanya takalmi da kansa, ta mayar da shi kan ƙafafunsa cikin 'yan watanni, har ta kai a shekarar 2007 wasu likitocin ƙashi da suka yi rubutu a mujallar Lancet ta Birtaniya suka kira ta tiyatar ƙarni. Sunan da ta yi ba na banza ba ne, amma ya zo da wata illa da ba a cika magana a kanta ba, wato mutumin da aka yi wa aikin, aka ɗinke shi, aka sallame shi, sannan ciwo ya ƙi rabuwa da shi, yakan rasa wanda zai kai wa kukansa, saboda kowa ya riga ya ji labarin wane da wance da suka jefar da sanda bayan wata biyu. Irin waɗannan majiyyata ba su kai waɗanda suka warke sarai yawa ba, amma kuma ba 'yan tsiraru ba ne, kuma galibin ciwon da suke fama da shi yana da dalilin da za a iya ganowa idan aka yi bincike da natsuwa.

Kwatangwalo shi ne mahaɗar ƙashin cinya da ƙashin ƙugu, inda mulmulallen kan ƙashin cinya yake zaune cikin wani ƙoƙo, guringuntsi mai santsi ya lulluɓe fuskokin biyu don kada su gogi juna. Gaɓar takan lalace ta hanyoyi uku da aka fi sani, ko dai guringuntsin ya zaizaye saboda amosanin gaɓɓai da ke zuwa da shekaru, ko wuyan ƙashin cinya ya karye, ko kuma jini ya daina isa kan ƙashin har ya mutu ya rufta. A wurin aiki, likita yakan yanke kan da ya lalace, ya kankare cikin ƙoƙon ya dasa sabon ƙoƙo, wanda galibi na ƙarfe ne da shimfiɗar roba mai tauri ko ta tangaran a cikinsa, sannan ya zura sandar ƙarfe cikin ramin ɓargon ƙashin cinya ya ɗora mata ƙwallon ƙarfe ko na tangaran. Akan kafe sandar da wani siminti na musamman, ko kuma a yi amfani da mai kaushin jiki wadda ƙashi zai tsiro ya kama ta cikin makonni. Kafin likita ya isa gaɓar dole ne ya ratsa tsokoki ta baya, ko ta gefe, ko ta gaba, ya kuma fitar da ƙashin daga mazauninsa da gangan, don haka raunin da ke ciki ya fi tabon da ido ke gani a fata girma nesa ba kusa ba, kuma a nan ne rashin fahimta ke farawa tsakanin majiyyaci da danginsa, waɗanda da sun ga ɗinki ya kame sai su ɗauka magana ta ƙare.

Wanda ya aza harsashin aikin a sigarsa ta yau shi ne John Charnley, likitan ƙashi a asibitin Wrightington da ke arewa maso yammacin Ingila. A ƙarshen shekarun 1950 ya fara da ƙoƙon da aka yi da Teflon, kuma da farko majiyyata sun ji daɗinsa ƙwarai, sai dai cikin 'yan shekaru robar ta zaizaye, ɓurɓushinta ya tayar da kumburi a naman da ke kewaye, ciwo ya dawo wa wasu ɗaruruwan mutane, aka sake buɗe su. A shekarar 1962 ya koma ga wata roba mai tauri da ta fi jure guga, wadda ingantattun nau'o'inta ne ake amfani da su har yanzu. Abin lura a wannan tarihi shi ne ciwon da majiyyata suka koma suna kai ƙararsa yana cikin abubuwan da suka tona asirin kuskuren farko.

Akwai ciwon da yake wani ɓangare ne na warkewa, kuma sanin iyakarsa yakan rage wa majiyyaci fargaba. A mafi yawan asibitoci akan tayar da mutum ya taka ƙafar a ranar aikin ko washegari, bisa kulawar mai gashin ƙashi, wato ƙwararren da ke koyar da atisayen da zai dawo wa tsoka da ƙarfinta. Makonni biyu na farko su ne mafi tsanani, cinya takan kumbura ta yi tsami, jinin da ya kwanta ƙarƙashin fata yakan gangaro har gwiwa, barci yakan gagara saboda an saba kwanciya a gefen da aka yanka, sannan ga kasala mai nauyi wadda zubar jini da magunguna ke jawowa. Akan cire zare ko ƙusoshin ɗinki tsakanin kwana 10 zuwa 14, akan yi makonni ana dogara sanda, kuma da yawa sukan koma harkokinsu na yau da kullum cikin wata uku, ko da yake ƙarfin tsoka da daidaituwar tafiya kan ci gaba da ƙaruwa har shekara guda. Sauƙin ba ya tafiya a miƙe, domin ranar da mutum ya ji garau ya yi doguwar tafiya, washegari sai ƙafa ta rama, kuma wannan ba alamar lalacewar aiki ba ce. Abin da ba ya jiran ranar komawa asibiti shi ne kumburin sharaɓa mai zafi, ko sarƙewar numfashi da ciwon ƙirji farat ɗaya, domin suna iya nuna gudan jini ya daskare a jijiya ko ya tafi huhu, wanda saboda gudunsa ne ake ba majiyyaci maganin tsinka jini na kimanin wata guda bayan aiki.

Ciwon da masana ke kira mai ɗorewa shi ne wanda ya wuce wata uku bayan tiyata bai gushe ba. A shekarar 2012 masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan wannan batu, suka samu cewa tsakanin kashi 7 zuwa 23 cikin 100 na waɗanda aka sauya wa kwatangwalo suna ci gaba da jin ciwon da ke damunsu bayan dogon lokaci, kuma a nazarce-nazarcen da suka fi inganci adadin ya kama daga kusan kashi 9. Ga waɗanda aka sauya wa gwiwa abin ya fi haka, kusan mutum ɗaya cikin biyar. A Birtaniya, inda rajistar ƙasa ta gaɓoɓin da ake sauyawa take tattara bayanai tun 2003, ana yin wannan aiki kimanin sau 100,000 a shekara, wanda ke nufin dubban mutane ne ke shiga sahun masu ciwon a kowace shekara a ƙasa guda kawai, kuma ƙasar da ke da kayan aiki da tsarin bibiyar majiyyata.

Abu na farko da likita mai hankali zai kawar da shakka a kansa shi ne shigar ƙwayoyin cuta, wadda takan sami kusan mutum ɗaya cikin ɗari, amma ita ce mafi wuyar sha'ani. Ƙarfe da roba ba su da jini, don haka sojojin jiki da magungunan da jini ke ɗauka ba sa isa gare su yadda ya kamata, ƙwayoyin cutar kuwa sukan manne a jikin ƙarfen su lulluɓe kansu da wani yauƙi da ke kare su. Idan abin ya bayyana da wuri, da zazzaɓi, da jan fata mai zafi, da ruwa ko mugunya daga wurin ɗinki, ana iya buɗewa a wanke a sauya sassan da ke cirewa, a bar sandar da ƙoƙon a inda suke. Amma akwai nau'in da ke tafiya a ɓoye, babu zazzaɓi babu mugunya, sai wani zugi mai zurfi da ba ya lafawa ko mutum yana kwance, wanda yakan tsananta da dare, kuma majiyyacin yakan ce tun ranar aikin bai taɓa jin gaɓar ta zama tasa ba. Ana gano shi ta gwaje-gwajen jini biyu da ke auna kumburin cikin jiki, waɗanda ake kira CRP da ESR, sannan a zuƙo ruwan gaɓar da allura a kai ɗakin gwaji. A nan ne wata ɗabi'a da ta zama jiki a garuruwan da ake sayen magani ba da takardar likita ba take yin ɓarna mai yawa, domin wanda ya ga ruwa na tsatsafowa daga tabo ya nufi kemis ya sayi kafso ya sha na mako guda, zai danne alamun ba tare da ya kashe cutar ba, kuma zai sa gwajin ya kasa nuna ko wace ƙwayar cuta ce. Kwanakin da za a iya ceto ƙarfen su ne yake ɓatawa, idan kuwa suka wuce, sai an ciro komai, wani lokaci a aiki biyu da makonnin shan magani a tsakaninsu.

Dalili na biyu shi ne girgiɗi, wato sandar ko ƙoƙon ya saki ƙashin da ke riƙe da shi, kamar yadda ruwan fartanya ke kwancewa a ƙota. Ciwonsa yana da wata siffa da ake gane shi da ita, yakan soki mutum a cinya ko a matsematsi daidai lokacin da ya miƙe daga zaune ya yi taku biyu ko uku na farko, ya ɗan lafa, sannan ya dawo idan tafiya ta yi nisa. Yakan zo da wuri idan ƙashi bai kama ƙarfen ba tun farko, ko kuma bayan shekaru idan ɓurɓushin robar da ke zaizayewa ya tayar da kumburin da ke cin ƙashin kewaye. Hoton ƙashi guda ɗaya ba lalle ya nuna shi ba, sai an jera shi da hotunan baya an ga ko ƙarfen ya gusa. Gocewar gaɓa kuwa ba ta ɓuya, domin ciwonta na take ne, ƙafa takan gajarce ta juya, mutum ya kasa takawa, kuma ta fi faruwa cikin watanni uku na farko kafin naman da ke kewaye ya yi ƙwari. Ita da karayar ƙashi a gefen ƙarfe bayan faɗuwa aikin asibiti ne na gaggawa, kuma ba wurin mai ɗori ba ne, komai ƙwarewarsa a karayar hannu ko ƙwauri, saboda ja da murɗa ba tare da hoto da maganin barci ba na iya tsaga ƙashin da ke riƙe da sandar.

Sai dai a wurin mutane da yawa ƙarfen yana zaune daram, babu cuta, hoto ya fito tas, amma ciwo na nan, kuma su ne aka fi sallama da cewa komai lafiya. Sau da yawa matsalar tana cikin tsoka da agara, abubuwan da hoton ƙashi ba ya nunawa. Akwai wata tsoka da ke tasowa daga ƙashin baya ta bi ta gaban kwatangwalo, wadda aikinta shi ne ɗaga cinya, kuma idan bakin sabon ƙoƙon ya ɗan turo gaba sai agararta ta riƙa gugarsa. Mai wannan matsala yakan yi tafiya a fili ba tare da damuwa sosai ba, amma idan zai shiga mota sai ya sa hannu biyu ya ɗago cinyarsa ya shigar da ita, haka nan wajen hawa gado, ko hawa matakala, ko sanya wando a tsaye, kuma da za a ce ya nuna wurin zai dafa matsematsinsa. Wata ƙungiyar tsokokin kuma tana gefen ɗuwawu, ita ce ke riƙe ƙugu ya daidaita yayin da mutum ya tsaya a ƙafa ɗaya a kowane taku. Shekarun da aka yi ana ɗingishi kafin aiki sun riga sun ramar da ita, wuƙar likita kuma ta ratsa ta ko ta bi ta kusa da ita, don haka idan ba a farfaɗo da ita ba sai ciwo ya zauna a kan tudun ƙashin da ke gefen cinya, mutum ya kasa kwanciya a wannan ɓangare, tafiyarsa ta zama ta rangaji. Maganin waɗannan galibi atisaye ne na watanni a hannun mai gashin ƙashi, wani lokaci da allurar rage kumburi a daidai wurin, kaɗan ne ke kaiwa ga sake aiki. Abin takaici shi ne wannan mataki ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, iyali sukan sayar da gona ko fili su biya kuɗin tiyata, amma kuɗin zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako ya zama abin da za a yi idan hali ya samu.

Koken cewa ƙafar da aka yi wa aiki ta fi ɗaya tsawo ya zama ruwan dare a watannin farko, kuma sau da yawa ji ne kawai, saboda ƙugu ya daɗe a karkace yana biyan ƙafar da ta gajarce, yana buƙatar lokaci kafin ya miƙe. Idan bambancin na gaske ne, wanda bai kai santimita ɗaya ba yawancin mutane sukan saba da shi, wanda ya wuce haka kuma ana gyara shi da ƙarin tudu a takalmin ɗaya ƙafar, amma bai kamata a yi gaggawar yin haka ba kafin jiki ya gama daidaita. Jijiyoyin da ke kai saƙon ji da motsi su ma sukan taɓu. Aikin da aka yi ta gaba yakan bar wani fili a gefen cinya da ke yin minjirya ko zafi irin na ƙuna, wanda yakan ragu a hankali, yayin da taɓuwar babbar jijiyar da ke bi ta bayan cinya, wadda ba ta cika faruwa ba, kan sa tafin ƙafa ya saki, mutum ya kasa ɗaga yatsunsa.

Akwai kuma ciwon da ba daga kwatangwalo yake ba ko kaɗan. Shekarun da suka cinye guringuntsin gaɓa su ne suka taɓa ƙashin baya, kuma jijiyar da ta matse a can tana iya aika ciwo zuwa ɗuwawu da cinya har ƙasan gwiwa zuwa tafin ƙafa, sai majiyyaci ya ɗora laifin a kan ƙarfen da aka sa masa. Ciwon gaɓar kanta ya fi zama a matsematsi da gaban cinya, wani lokaci ya sauko gwiwa. Ƙaba, da toshewar jijiyoyin jini na ƙafa ga masu ciwon sukari da mashaya taba, su ma sukan yi shigar burtu su zo da kamannin ciwon kwatangwalo. Wani rukuni na daban shi ne waɗanda aka sa wa gaɓar da ƙwallonta da ƙoƙonta duka ƙarfe ne, salon da ya yi tashe a shekarun 2000, har aka gano cewa gugar ƙarfe da ƙarfe na sakin ɓurɓushin kobal da kuromiyam da ke lalata naman kewaye, lamarin da ya sa a watan Agustan 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa mai suna ASR bayan an dasa wa mutane kimanin 93,000 a duniya. Duk wanda aka yi wa aiki a wancan zamani yana da hakkin sanin irin abin da ke jikinsa.

Bayan an bi duk waɗannan, akan sami ragowar mutanen da ba a ga komai ba, kuma a nan ne ake buƙatar adalci. Ciwon da ya daɗe shekaru kafin aiki yakan sauya yadda laka da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙo, su zama masu saurin kai ƙara, ta yadda ko an cire tushen ciwon sai su ci gaba da kaɗa ƙararrawa. Bincike ya nuna cewa waɗanda suka shiga tiyata da ciwo mai tsanani, ko suke da ciwo a wasu sassan jiki, ko suke fama da damuwa da fargaba, ko suka daɗe suna shan magungunan kashe zafi masu sa maye, sun fi fuskantar wannan hali. Wannan ba ya nufin ciwon ƙirƙira ne ko raunin imani, ciwo ne na haƙiƙa da ke da mazauni a jijiyoyi, sai dai wuƙa ba ta maganinsa, kuma sake buɗe gaɓar da ba a gano laifinta ba yakan bar mutum a inda yake ko ya ƙara masa. Abin da ke taimakawa shi ne haɗa atisaye da gyaran barci da kula da halin zuciya, tare da magungunan ciwon jijiya irin su amitriptyline ko gabapentin bisa umarnin likita. Tramadol, wanda illarsa ga matasa ba ɓoyayya ba ce a arewacin Nijeriya da Nijar, yana da amfani na 'yan kwanaki bayan aiki, amma wanda ya kai wata shida yana ƙara yawan abin da yake sha ya sami matsala ta biyu a kan ta farko. Haka nan diclofenac da ibuprofen, idan aka mayar da su abincin kullum, sukan jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini.

A Turai wannan tiyata galibi ta dattawa ce, amma a ƙasar Hausa tana da wata fuska saboda cutar sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, kuma alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ambatawa sun nuna ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe sukan toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu, sau da yawa a ɓangarorin biyu, don haka a layin asibitocin ƙashi irin na Dala da ke Kano akan ga samari da 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai suna jiran aikin da a wasu ƙasashe kakanni ake yi wa. Aikin yakan sauya rayuwarsu ƙwarai, amma warkewarsu ta fi wuya, saboda ƙashinsu yakan yi tauri a wani wuri ya yi rauni a wani, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta ya fi yawa, ga buƙatar ƙarin jini da kiyaye tashin cutar a kwanakin tiyata. Idan ciwo ya dawo musu akwai tarko iri biyu, ko dai a ɗora komai a kan tashin sikila a ƙi duba ƙarfen, ko kuma a zargi ƙarfen alhali ɗaya kwatangwalon ne ya fara ruftawa, shi ya sa kulawarsu ke buƙatar likitan ƙashi da likitan jini su riƙa magana da juna.

Yanayin zaman gida ma yana shiga cikin lissafi, domin shawarwarin da ake bugawa a takardun sallama an tsara su ne don gidajen da ke da kujeru masu tsawo da masai na zama. Ƙa'idar da aka saba bayarwa, musamman ga wanda aka yi wa aiki ta baya, ita ce a makonni shida zuwa goma sha biyu na farko kada ya naɗe cinya har gwiwa ta wuce tsayin ƙugu, kada ya harɗe ƙafafu, kada ya murɗa ƙafar ciki, ko da yake asibitoci da dama sun sassauta waɗannan sharuɗɗa a 'yan shekarun nan. Mutumin da ke cin abinci a tabarma, yake kwana a katifa a ƙasa, yake tsuguno a bayan gida, yake alwala a kan 'yar kujera ta tsugunno, zai karya ƙa'idar sau da yawa kafin azahar idan ba a shirya masa ba. Ɗaga katifa a kan gado, da samar da kujerar bayan gida mai rami a tsakiya, abubuwa ne da kafinta zai iya haɗawa kafin a dawo da majiyyaci gida. Sujada da zaman tahiya su ma suna naɗe gaɓar sosai, kuma malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa wanda ba zai iya ba ya yi salla a zaune gwargwadon ikonsa, don haka babu dalilin da dattijo zai jefa kansa cikin haɗari saboda kunyar a gan shi a kan kujera a sahu. Da yawa sukan koma yin sujada a ƙasa daga baya, amma lokacin yin hakan likitan da ya san yadda ya dasa ƙoƙon ne zai faɗa.

Al'adar jinya tana da nata tasiri. Tarbiyya ta koya wa marar lafiya ya amsa gaisuwar masu dubiya da cewa da sauƙi, kuma wannan ɗabi'a ce mai kyau a zaure, amma idan ta bi shi har ɗakin likita sai ta zama cikas, musamman ga uwar da ta san 'ya'yanta sun yi karo-karo sun biya miliyoyi, take ganin faɗin gaskiya tamkar butulci ne. Likita ba ya da abin da zai kama sai abin da aka gaya masa, kuma bayanin da ya fi yi masa amfani ƙanana ne, wato a nuna wurin da yatsa ɗaya, a faɗi ko ciwon na tashi ne da tafiya ko da kwanciya, ko an taɓa samun watannin da babu shi sannan ya dawo, ko tabon ya taɓa yin ruwa, da kuma duk maganin da aka sha, har da na gargajiya. Bambancin ciwon da bai taɓa tafiya ba da wanda ya dawo bayan an huta yana da nauyi, domin na farko ya fi karkata ga cuta a ɓoye, ko ƙarfen da bai kamu ba, ko kuma tun asali ba gaɓar ce tushen ciwon ba, na biyu kuwa ya fi nuna girgiɗi ko zaizaya.

Waɗanda suka je Indiya ko Masar aka yi musu aiki sukan dawo gida bayan makonni kaɗan, daidai lokacin da matsaloli ke fara bayyana, kuma likitan da zai karɓe su a gida bai ga cikin gaɓar ba. Takardar bayanin tiyata, da sunan kamfanin da ya ƙera kayan da lambobinsu da girmansu, da hoton da aka ɗauka bayan aiki, su ne za su cike wannan giɓi, saboda sassan wani kamfani ba sa shiga na wani, kuma ranar da za a buƙaci gyara rashin wannan bayani na iya mayar da ƙaramin aiki babba. Wannan rana kuwa tana zuwa ga wasu, domin nazarin da aka buga a Lancet a shekarar 2019, wanda ya dogara da rajistocin ƙasashe, ya nuna kusan kashi 89 cikin 100 na gaɓoɓin suna kai shekara 15, kashi 70 suna kai 20, kashi 58 kuma suna kai 25. Ga mai shekara saba'in wannan albishir ne, amma ga mai sikila ɗan shekara ashirin da biyar yana nufin akwai yiwuwar sake aiki sau ɗaya ko fiye a rayuwarsa, kuma aikin gyara ya fi na farko tsawo da tsada da zubar jini, sakamakonsa kuma ya danganta da yawan ƙashin da ya rage. Saboda zaizayar roba tana iya cin ƙashi shekaru ba tare da wani ciwo ba, likitocin ƙashi kan nemi matasan da aka yi wa aikin su riƙa komawa ana ɗaukar hoto lokaci zuwa lokaci ko da suna jin garau, a kuma adana hotunan wuri guda da kwanan watansu don a iya gwada na bana da na shekarun baya.